Maginin Tenkulam da Dutsen Ƙasan Tafki

Duk wanda ya yi gini a Tenkulam cikin shekara arba'in ɗin nan, hannun Irulappan ya taɓa bangonsa. Shi ya ɗora rufin makaranta, shi ya tayar da hasumiyar ƙofar haikalin Siva da ake hangowa tun daga bakin titi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya cinye masa zanen yatsu, har na'urar shagon rabon shinkafa ba ta karanta babban yatsansa, sai matarsa ta je ta dangwala. An san shi da rashin magana, mutane sun ɗauka halinsa ne. Waɗanda suka san shi yana saurayi kuwa sun ce a lokacin ba mai bakinsa a wurin aiki, yana kan tsani yana tsokanar masu kwaɓa ƙasa.

Yana ɗan shekara huɗu uwarsu ta rasu, yayarsa Sornam ta goye shi. Ta girme shi da shekara goma sha biyu. Sai da ya yi wayo aka kai ta gidan miji a wani ƙauye. Wata takwas maciji ya sari mijin a gonar rake ya mutu, surukai suka ɗaure mata kayanta suka rako ta bakin hanya. Tun daga nan ta zama mai farar ƙafa. Mai shirin tafiya in ya fito ya ci karo da ita, sai ya koma ciki ya sha ruwa ya sake fitowa. In ana biki, wurinta bayan gida ne wajen tukwane. Ta yi aiki a injin casar shinkafa tana baza shanya a rana, da haka ta ciyar da ƙanenta har ya koyi gini, ta nema masa mata. Idan faɗa ya haɗa ta da mata a bakin famfo, sunan da suke jifanta da shi shi ne Mudevi.

Mudevin kuwa tana nan a haikalin, can kusurwar baya ƙarƙashin tsamiya. Ita ce yayar Lakshmi allahiyar arziki, amma ita rabonta tsiya da lalaci da faɗan gida, shi ya sa ba mai son ganinta. An sassaƙa ta a baƙin dutse mai kaiwa ƙugun mutum: mace mai ƙiba a zaune, ciki ya sauko kan cinya, ɗanta mai fuskar bijimi a dama, 'yarta a hagu, hankaka a kan tutarta, tsintsiya a gefe. Fuskar a kwance take, kamar ta wadda ta gama aikin gida ta zauna. Mata masu zagaya haikali in sun iso nan sai su ja bakin sari, zanen da suke yafawa, su kare ido. Sornam kaɗai ke zuwa. Kowace Juma'a takan ɗebo ruwa ta wanke dutsen, ta shafa masa man riɗi, ta ɗiga kurkum a goshi, ta ajiye 'yar shinkafa a ganyen ayaba don hankaki. Ba ta taɓa kiranta Mudevi ba, Babba take cewa. Irulappan ya sha yi mata ba'a wai gwauraye biyu sun sami juna. Ita kuma ta ce ya rufe mata baki, bakin nan bai kai haka tsawo ba sa'ad da take wanke masa kashi.

Shekarar da ya cika talatin da huɗu aka tashi sabunta haikalin. Damina biyu ta yi gardama, injin casa ya kama da wuta, sai Alagarsamy, mai injin kuma shugaban kwamitin haikali, ya ɗauko mai duban taurari daga birni. Mutumin ya baza farin wuri a tabarma, ya ce muddin Mudevi tana zaune cikin katanga, ƙanwarta mai arziki ba za ta shigo gari ba, a fitar da ita kafin a soma aiki. An tuntuɓi magina biyu, duka suka ce hannunsu ba zai taɓa ta ba. Alagarsamy ya kira Irulappan ya zaunar da shi a kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka kawo masa kofi. Ya ce hasumiyar ƙofa tana neman magini mai zuciya, kuma duk wanda ya fitar da dutsen nan shi zai gina ta.

Irulappan bai taɓa gina abin da ya wuce ɗaki biyu da madafa ba. Ya ce, "Ayya, ranka ya daɗe, sai dai a yi ranar da Akka, yayata, ba ta gari."

Ranar Talata Sornam ta tafi dashen shinkafa a ƙauyen gaba. Da rana tsaka ya zo da amalanken shanu da leburori biyu baƙi. Dutsen ya nutse a ƙasa kamu guda, saiwar tsamiya ta rungume shi. Ya sa sandar ƙarfe yana ɓanɓara, sandar ta zame ta doki fuskar, hancin ya fita da gefen leɓe. Bai tsaya ba. Man Juma'ar da ta wuce ya sa dutsen yana sulluɓewa, sai da suka naɗe shi da buhu. Suka kai shi inda tafki ya fi zurfi suka kifa. Ya wanke hannu da ƙasa sau uku warin man bai fita ba, haka ya je gida ya ci abinci.

Ranar Juma'a Sornam ta dawo daga haikali da tulunta cike. Ta tsaya a ƙofa ta tambaye shi ina Babba. Bai shirya ƙarya ba, ita ta zo bakinsa da kanta. Ya ce ma'aikatan gwamnati ne suka zo da mota, sun ce dutsen yana da daraja, sun kai shi gidan adana kayan tarihi a babban birni. Ya zaci kuka za ta yi. Sai ta sauke tulun ta zauna, fuskarta ta washe. Ta tambaya ko akwai fanka a wurin, ya ce akwai. Ta ce to madalla, ashe akwai masu ido a duniya.

Rabin garin sun san gaskiya, amma wa yake zama hira da Sornam balle ya gaya mata? Irulappan ya gina hasumiyar hawa uku, aka yi biki, aka rataya masa furanni a wuya. Aiki ya buɗe masa har ƙauyukan kewaye. Damina ma ta yi kyau a shekarar, kowa ya ce mai taurari ya san aikinsa.

Abin da bai zata ba shi ne Sornam za ta ƙudurta zuwa gaisuwa. Shekara shida tana roƙonsa ya kai ta. Yau ya ce aiki, gobe ya ce zafi, jibi ya ce an rufe wurin ana fenti. Rannan ta ji matan unguwa sun ɗauki shatar bas za su ziyarar haikalai a birni, ta roƙa aka ba ta kujerar baya. Ya raka ta tasha yana riƙe da ƙunshinta, yana jin kwalbar man riɗi tana bugun gwangwanin abinci a ciki. Bas ya daɗe bai tashi ba. Ya tsaya jikin taga duk tsawon lokacin, abin da ya iya ce mata kawai shi ne ta riƙe jakarta da kyau.

Bayan kwana biyu ta dawo ƙafafu a kumbure. Ta yi amai duk hanya. Ta rabu da sauran matan ta nemi gidan tarihin ita kaɗai, macen da ba ta iya karatu ba, ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana duba fuskoki. Ta ga wata mai kama, da hankakanta da komai, amma ba ita ba ce. Wani mai gadi ya tausaya mata ya ce wataƙila tana sito, akwai da yawa da ba a fito da su ba. Wannan ne ya dame ta, a ce Babba tana kulle a duhu. Ta sa Irulappan ya rubuta takarda ya roƙi a fito da ita. Ya zauna tana faɗa yana rubutawa, ya liƙa kan sarki a gabanta, ya fita ya cusa takardar cikin kwaɓin siminti a ginin da yake yi. Daga shekarar nan leburorinsa ba su ƙara jin tsokanarsa ba.

Shekara ashirin da bakwai dutsen yana ƙasan ruwa. Alagarsamy ya rasu, Sornam ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, sai inuwa-inuwa take hangowa. Sai aka yi fari, tafkin ya ƙafe har tsakiya, aka kawo motar haƙa ta kwashe laka, haƙorinta ya ci karo da dutse. Washegari wata malama daga jami'a ta iso. Ta durƙusa cikin laka da sarinta mai tsada, ta ce wannan ya haura shekara dubu, a da har sarakuna suna yi mata hidima, kuma irinta da 'ya'yanta biyu a cike ba su da yawa. Waɗanda suke kare ido jiya su ne suka zo da kwakwa da furanni. Ɗan Alagarsamy ya aika a kira magini ya yi wa Mudevi dandamali.

Irulappan ya wuce gida tukuna. Sornam tana zaune a dakali tana tsince tsakuwa daga shinkafa da lalube. Ya tsuguna a gabanta ya faɗa mata komai, da kofin da ya sha, da amalanken, da takardar. Ta bar shi ya kai aya, hannunta bai bar faifan ba.

"Tambi, ƙanena," ta ce, "ranar da ka raka ni tasha, ka sani?"

"Na sani, Akka."

"Na tambayi mutum ya fi ashirin a garin can. Wasu dariya suka yi mini. Na zauna a matakala ina cin abincina, ina cewa ƙanena ya ce tana nan, ai ƙanena ba ya ƙarya."

Ta ture faifan gefe.

"A tafkin nan nake wanka kullum," ta ce. "Tashi ka kai ni."

Ya ɗora ta a bayan kekensa yana turawa. An jingine dutsen a gindin matakalar tafkin, mutane suka dare mata. Ta sa hannu biyu ta bi kan, ta bi kunnuwa, ta zo inda hanci yake ta tsaya. Ta tambaya da me. Ya ce da sandar ƙarfe, zamewa ta yi. Ya ce zai iya gyarawa, in aka haɗa siminti da garin dutse ba mai ganewa. Ta ce kada ya kuskura, ya bar shi yadda ya yi shi.

Ya gina dandamalin a tsohon wurin, ya yi masa rumfa. Sornam ta yi wata tara a raye bayan haka. Ba ta kore shi ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba, tana cin abin da matarsa ta dafa. Amma in ya ba ta labarin wani abu, ko da cewa ya yi hadari ya haɗo, sai ta juya ta tambayi matarsa ko haka ne. Wannan ya fi masa duka zafi. Ranar da ta rasu yana kan wani gini a ƙauyen gaba. Ya tambayi matarsa ko ta bar masa magana, matar ta ce ta dai ce a mayar wa maƙwabciya da turminta, shi ke nan.

Yanzu akwai allo a jikin rumfar, an rubuta sunansa cikin waɗanda suka ceto dutsen. Ya je wurin ɗan Alagarsamy ya ce a goge, aka ce tawali'u ne, aka bar shi. Baƙi suna zuwa jifa-jifa da kyamarori. Watan jiya wani malami ya kawo ɗalibansa, ya tsaya gaban dutsen yana yi musu bayani cewa sojojin mamaya ne suka fasa hancin nan shekaru ɗaruruwa da suka wuce, su kuma suna rubutawa. Irulappan yana gefe yana liƙe wata tsaga a katanga. Ya ajiye cokalin gini, ya matso, ya ce ba haka ba ne, shi ya fasa, wata ranar Talata, kuma sandar tana gidansa har yanzu in suna son gani. Malamin ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya ce wa ɗaliban su gai da kaka su wuce, rana tana yi. Suka tafi da rubutunsu yadda yake. Ya tsaya har motarsu ta hau titi. Da ya koma kan katangar, kwaɓin ya bushe, sai da ya sake wani.