Farin Ƙyallen Habboba

Kakata, wadda muke kira Habboba, tana goye a bayan uwarta aka iso da ita Sudan. Makka suka nufa da ƙafa. Guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga a Jazira, wai kaka ɗaya. Daga can suka gangaro ƙauyenmu na kusa da Rusairis, hanya kuma ta tsaya nan.

Uwarta ta bar mata farin ƙyalle na likkafani, wanda aka yi niyyar tsomawa a ruwan Zamzam. Yana ƙunshe a ƙarƙashin gadonta. Saboda shi ta hana a dasa ko mangwaro ɗaya a gidanmu, wai matafiyi ba ya dashe. Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Maƙwabta suna shan inuwa, mu muna gasuwa a rakuba, 'yar rumfar tsakar gida, muna jiran tafiyar da ba ranarta.

Shekarar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, na zo hutu daga Sinnar inda nake koyarwa. Da la'asar tana shan gahawa, na ba ta labarin da na ji a rediyo don in ɗebe mata kewa. Na ce an gano wani ɗan dutse a sama yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da duniya. Mai kallo daga nan zai rantse ƙaramin wata ne yake kewaya mu, alhali rana yake kewayawa, hanyarsa ce ta haɗu da tamu. Yakan yi shekaru masu yawa a haka, sannan ya rabu.

"Maigidana," in ji ta, don haka take tsokanata, "shi ma Takari ne ke nan, irinmu."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Waɗanda sunka gane shi, sun ce ina za shi in ya rabu?"

Na ce ba ko'ina. Ranar dai zai ci gaba da kewayawa, kamar yadda yake yi tun farko.

Ta ajiye gahawar. Sannan ta ce in jawo mata ƙunshin. Ban taɓa ganin an kwance shi ba. Ƙyallen ya yi rawaya a wurin ninki, yana ƙamshin turaren sandal.

"Kalas, ya waladi, ɗana. Kai shi bahar, kogin nan namu, ka tsoma mini. Ruwan nan ni ka sha tun ban san sunana ba."

Na ce ta ƙara haƙuri, kawuna yana neman mata kujerar Hajji. Ta ce haƙurin ta yi shi, ya isa.

Na gangara kogi ina kuka kamar yaro. Na tsoma shi, na matse, na shanya a kan danga. Da shi aka rufe ta kafin damina.

Mangwaron da na dasa a ƙofar ɗakinta yanzu ya fi rufin tsawo. Har yau ban iya zama a inuwarsa ba.