Nura zai fito, Yaya Sani ba ya nan

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani mai walda na Tudun Wada, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba, domin wata mai zuwa ɗana Nura zai fito daga gidan yari, bayan shekara uku a kan faɗan daba.

Yaya yana da wata ɗabi'a da muka sha rigima a kanta. Duk saurayin unguwa da aka sako, shi ke zuwa ya tarbo shi. Ba ya ɓoye shi a ƙuryar shago. Ranar farko zai ɗora masa akwatin aiki su bi gida-gida suna gaisuwa, sannan ya tura shi gyaran ƙofar wanda ya fi kowa tsoronsa. Na taɓa ce masa, "Yaya, kura za ka bai wa ajiyar nama?" Ya yi dariya ya ce, "Hadiza, in kowa ya rufe masa ƙofa, tsofaffin abokansa ba za su rufe ba."

A lokacin bakina ya fi na kowa kaifi. Na manta abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yau tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron abokansa na unguwar Barkin Sale, waɗanda har sun fara tare ni suna tambayar ranar fitowarsa. Ina tsoron maƙwabtan da suka hana 'ya'yansu shigowa gidana ɗibar ruwa. Da Yaya zai ga unguwar yanzu, kowa ya ƙara wa katangarsa tsayi, ban san ƙofar wa zai ƙwanƙwasa ba.

Shagonsa dai bai mutu ba. Iliya, ɗaya daga cikin waɗanda ya tarbo, shi ke riƙe da shi. Jiya na je na roƙe shi ya ɗauki Nura aiki, kaina a sunkuye. Ya ce, "Gwaggo, aiki ba matsala. Amma ranar gaisuwa ke za ki shiga gaba, mu biyo ki. In uwa tana tsoronsa, wa zai yarda da shi?"

Na ƙanƙame jakata, domin a cikinta akwai sabon kwaɗon da na saya a hanya don kulle ƙofar ɗakina saboda Nura. Yaya ya bar mana shago, ya bar mutane irin su Iliya. Ƙarfin zuciyarsa ne ban san ko ya bar mini ba, ga shi saura kwana ashirin da uku.