Ranar da Na Hana a Kwashe Toka

A bayan shagon yayata da ke Sabon Gari Alhaji ya sa hannu a takardar inshorarsa, tsakanin buhunan garin rogo da jarkokin manja, don nan ne ya tabbata ba ɗan layinsu da zai gan shi. Atamfa da shadda yake sayarwa a sari, a wani layi cikin Fagge. Kafin ya mayar mini da birona sai ya ce, "Madam, ki rantse mini ba mai jin wannan magana daga bakinki."

Na ce ba sai na rantse ba, na yi alkawari.

Ban ga laifinsa ba. A layinsu, duk wanda aka ji ya yi inshora, sai a ce ya raina tsarin Allah. Ko da na yi bayanin cewa akwai irin wadda aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci, kuma ita Alhaji ya ɗauka, surutun mutane bai san wannan bambanci ba. Ni kuwa, 'yar Zariya, Kirista, mai tallar inshora, mai yawo da jaka tana yi wa mutane zancen wuta da ɓarayi da sassafe, sunan da suka raɗa mini Uwar Gobara. In na shigo layin sai a fara, "Ga ta nan, Allah ya tsare mu da bakinki." In yi dariya in gaishe su, ciki kuwa yana tafasa, don ni ba mai haƙuri ba ce, sana'a ce ta koya mini haɗiye magana.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, masu tsokanar nan da yawansu sun riga sun bi ta bayan shagon yayata sun yi inshorar. Kowa ya zo shi kaɗai, kowa ya roƙe ni in rufa masa asiri, kuma kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Wata safiya ina shirin fita sai yayata ta kira ni, ta ce an yi gobara a Fagge da asuba, an kawo wutar lantarki da ƙarfi. Da ta faɗi layin, ban tsaya ɗaura ɗankwali daidai ba. A cikin adaidaita na kira ofis. Suka ce mai duba ɓarna zai taso, amma yana can wani gefen gari, kuma asara mai girma haka hoton waya ba ya isa, sai ya gani da idonsa. Suka maimaita mini abin da ni ma nake gaya wa kowa: kada a taɓa komai. In aka share wurin kafin ya zo, ba yadda za a tabbatar da yawan kayan da suka ƙone, biyan na iya zama jayayya, ko ya tafi gaba ɗaya.

Shagon Alhaji ne ya ci wuta, ƙurmus. Ƙofar ƙarfen ta lanƙwashe, dilolin atamfa sun zama baƙaƙen tudu suna hayaƙi, ruwan 'yan kwana-kwana ya kwanta a ƙasa. Alhaji na zaune a benci a tsallaken layin, masu jaje sun kewaye shi. Abin da ya tsinka mini zuciya kuwa shi ne baro da shebur. Maƙwabta sun taru za su yi masa abin da aka saba yi wa duk wanda wuta ta taɓa: a kwashe tokar, a wanke shagon, kada mutum ya wuni yana kallon asararsa. Alheri ne tsantsa, kuma alherin nan ne zai ƙarasa shi.

Na kira wayarsa. Na ga wani ya karɓa daga hannunsa ya kashe, don kada a dame shi. Na matsa kusa na ce, "Alhaji, sannu, ya muka ji da wannan abu?" Ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Ya san abin da ya kawo ni. Mace kamar ni kuma ba ta da hanyar jan dattijo gefe a tsakiyar maza masu jaje.

Da na ji ƙarar shebur na farko, sai na tsinci kaina a bakin ƙofar shagon, takalmina cikin baƙin ruwa.

"Don Allah ku dakata," na ce. "Kada a kwashe tukuna."

Shugaban layin, wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya dube ni sama da ƙasa. "Saboda me?"

"Ƙasan da sauran wuta, Baba."

"To ai shi ya sa za mu fitar da shi. Matsa."

Ban matsa ba. Na ce a jira hukuma. Suka ce 'yan kwana-kwana sun gama nasu sun tafi. Dabara ta ƙare mini, sai tsayuwa kawai. Murya ta fara tashi ta ko'ina. Wani ya ce ai dama ni na yi ta kiran wutar nan har ta amsa. Wani ya ce talla na zo yi a kan masifar bawan Allah. Wanda ya fi kowa ɗaga murya, wani dogo mai sayar da leshi, ya nuna ni da shebur yana cewa, "Ba ki da kunya ne? Mutum na cikin jarrabawa kin zo kina neman kasuwa!"

Dogon nan, ni na cike masa tasa takardar, a kan buhun gari ɗaya da Alhaji ya zauna.

Wallahi maganar ta zo mini har bakin haƙora. Kalma ɗaya zan faɗa in wanke kaina, in kuma ceci dukiyar Alhaji. Na duba fuskokin da ke gabana, na ga wasu da na san lambar shagonsu da abin da ke ciki fiye da matansu, kowa ya sunkuyar da kai ko yana taya ihu. Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron yawa. Amma na san in na buɗe baki a kan mutum ɗaya yau, ba wanda zai sake zama a kan buhun nan.

Baba ya ce, "'Yata, ba ma taɓa mace a layin nan. Kada ki sa yaran nan su fara yau."

Aka turo baro har ya taɓa gwiwata. Ban dubi mai turowar ba, Alhaji na duba. Na tsare shi da ido, shi ma a karon farko ya dube ni.

Ya daɗe kafin ya miƙe. Ya tako a hankali, babbar rigarsa duk baƙin hayaƙi, ya dafa baron.

"Ku bar ta," ya ce. Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da ya sake. "Ku bar ta. Aikina take yi. Na yi inshora, kuma sai mutuminsu ya zo ya gani kafin a kwashe."

Sai dogon nan mai leshi ya tafa hannu ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, har da kai?"

Na cije leɓena har na ji ɗanɗanon jini.

Mai duba ɓarna bai iso ba sai bayan azahar, ni kuma ban bar bakin ƙofar ba. Ya auna, ya ƙirga ƙonannun dilolin, ya ɗauki hotunansa. Da ya gama, mutanen da suka zage ni su ne suka kwashe tokar, suka wanke shagon tas. An biya Alhaji bayan 'yan watanni, ya sake zuba kaya. Amma sunan Alhaji Inshora ya bi shi, kuma na lura an daina tura shi gaba in za a yi sulhu a layin. Dogon kuwa, a makon gobarar ya ɓullo ta bayan shagon yayata, yana tambaya ko tasa takardar ba ta ƙare ba. Na duba masa, na ce da saura.

Da lokacin sabuntawa ya yi, Alhaji bai je Sabon Gari ba. A shagonsa ya kira ni, ya sa aka kawo mini kujera a bakin ƙofa, kowa na gani. Bayan ya sa hannu sai ya rage murya.

"Madam, tsakaninki da Allah. A duk layin nan, ni kaɗai ne?"

Na ga yadda yake son amsar. Ya sha zolaya shi kaɗai, kuma da kalma ɗaya zan sauke masa ita. Tsallaken layin, dogon na zaune yana kaɗa ƙafa, yana kallonmu yana murmushi.

Na ce, "Alhaji, da a bara wani ya yi mini wannan tambayar a kanka, me za ka so in ce masa?"

Ya jujjuya biron a hannunsa. Sannan ya miƙo mini, ya ce in gaida yayata.