Zabin Goggo Madina

Goggo Madina yayar mahaifinmu ce. A Toranke ta yi aure, a can mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da garken zabi. Gajera ce, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, to ka haƙura kawai.

Ƙanena Tukur tun yana rarrafe ba ya zama wuri ɗaya. A aike shi sayen gishiri, sai a tsince shi bakin kududdufi yana bin kwaɗi. Makarantar allo ta gaji da shi, ta boko ma haka. Yanzu likitoci sun ce lalura ce ta kasa tattara hankali. A lokacinmu, wajen ƙarshen yaƙin basasa, sunanta rashin ji, maganinta bulala.

Ranar da ya kwance awakin maƙwabta suka cinye gyadar mutane, Baba ya sa maƙeri ya ƙera mari, ƙarfen da ake sa wa kangararrun yara a ƙafa. Ya ce zai kai shi gidan wani malami a ɗaure shi. Na yi kuka har na gode Allah.

Ranar kasuwar Ajingi Goggo ta zo. Ta dubi marin, ta dubi yaron, sannan ta juya wurin Baba.

"Barau, me yake ci da safe?"

"Abin da kowa ke ci, Yaya."

Ba haka ba ne. Tukur bai taɓa tsayawa koko ya huce ba. Rake da alewa yake wuni a kai, da dare barci ya ɗauke shi kafin a kwashe tuwo.

"Ba ni shi damina ɗaya," in ji Goggo. "In bai canza ba, ni zan riƙe maka ƙafar."

Aka haɗa mu tare, ni da shi, muka bi ta Toranke. Kullum da sassafe sai ta dafa masa ƙwan zabi, ta ba shi nono, ta cika masa aljihu da gyada. Da rana ɗanwake ko wake da mai. Alewa kuwa ko ƙamshinta. Ba ta ce ya zauna ba. Yana tafe tana miƙa masa.

Nan fa matan unguwa suka samu abin yi. A wurinmu ba a ba yaro ƙwai, wai zai tashi ɓarawo. Har tsakar gida suka biyo ta da nasiha, wasu ma da ko kaza ba su ajiye ba.

"Zabin nawa ne," ta ce musu. "In zai yi sata, da ni zai fara."

Ta kuma ba shi aiki. Zabuwa a jeji take ɓoye ƙwanta, sai an bi ta a hankali. In an gano wurin, da ludayi ake ɗiba, don an ce in ta ji warin hannu ba ta komawa. Da fari korar zabin kawai yake yi. Ban ce ƙwai ya warkar da shi ba, har ya tsufa yana mantuwa da hularsa a masallaci. Amma na ga ƙafafun nan sun fara jiran mai su.

Gero na nuna, Baba ya iso da marin a jaka. Goggo ba ta roƙe shi ba, bayan gari kawai ta nuna masa, na raka shi.

Muka tarar da Tukur tsugune a bayan sabara, ludayi a hannu, ko motsi ba ya yi. Baba ya buɗe baki zai kira shi, sai yaron ya ɗaga masa hannu, alamar ya yi shiru. Baba ya yi shirun. Muna tsaye har zabuwar ta tashi, Tukur ya lallaɓa ya ɗebo ƙwan ɗaya bayan ɗaya, bai fasa ko guda ba.

Ya rasa inda zai zuba, sai ya dubi jakar Baba. Baba ya ciro marin ya ajiye a cikin ciyawa, ya buɗe masa jakar.