Littafin Kaka: Shekara Tara Bayan Malam Sa'idu

Ranar Talatar da ta wuce shekara tara ke nan cif da muka kai Malam Sa'idu makwancinsa, can gindin kukokin da ke bayan garinmu, Tsamiyar Ruwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a yi masa saukar Alƙur'ani, in raba ƙosai, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Akwai abin da na aikata da hannuna da sunan girmama shi, kuma ina so masu karanta wannan jarida su sani, ko da faɗin ba zai gyara komai ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sa'idu malamin firamare ne, a makarantar garinmu ya fara aiki, a nan ya ƙare. Ni kuwa malamin gona ne, na yi ritaya. Tare muka tashi, tare muka ci dukan makarantar allo. Shi Bafillace ne, ni Babarbare, don haka tun muna yara har muka yi furfura bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "bawana". Ni kuma in ce da shi mai bin gindin saniya. Ranar da ya rasu, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne daga yau babu mai sake zagina in ji daɗi.

Yana da wata al'ada da duk wanda ya yi aji biyar a hannunsa ba zai manta da ita ba. Da kaka, idan an gama kai hatsi rumbu, sai ya hau kekensa ya tafi kasuwar Ɗanbatta ya sayo goro ƙwarya guda. Washegari ya bi yara yana damƙa wa kowa ɗaya, ya ce: "Ka kai wa tsohuwar da ta fi kowa tsufa a gidanku. Ka durƙusa ka ba ta. Sai ta ɓantara ta sa a baka, sannan ka ce, Kaka, mu daga ina muka zo? Abin da ta faɗa ka rubuto mini, kada ka ƙara, kada ka rage."

Na taɓa tambayarsa me ya sa tsofaffi mata kawai. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce in aka tambayi maza kowa zai ce kakansa ɗan sarki ne da aka hana sarauta ya yi fushi ya baro gari. Tsohuwa kuwa, in jikanta ya kawo mata goro, sai ta ce yunwa ce ta koro mu, ɗan nan, da jaki ɗaya muka iso. Duk shekara yakan tara takardun yaran ya kai wa baduku ya ɗinke su cikin bangon jar fata. Littafin ya yi ta ƙiba har sai da aka riƙa ɗaure shi da igiya. Mutanen gari suka sa masa suna Littafin Kaka.

Abin da ke ciki kuwa, sai wanda ya karanta. Gidan dagaci daga ƙasar Katsina suka gudo wa haraji. Gidan liman daga gabas suka zo neman ilmi, suka ga fadama suka zauna. Maƙera daga Gobir, masu rini daga wajen Zazzau. Ranar da yara za su karanta a aji, har iyaye kan tsaya bakin taga ana ta shewa. Idan an gama sai ya rufe littafin ya ce da su: "To kun ji. Garin nan babu wanda ya tsiro kamar rama. Duk baƙi ne mu, wani dai ya riga wani sauke kaya."

Kada in yi masa ado, ba kowa ne ya so abin ba, kuma masu ƙin ba mahaukata ba ne. A taron iyaye da malamai an sha cewa wannan tonon asiri ne, ba ya cikin manhaja, kuma yana raba kan yara. Akwai shekarar da wani yaro ya karanta cewa sayo kakan kakansa aka yi, yara suka sa shi a gaba har ya daina zuwa makaranta. Malam Sa'idu ya yi sati yana zarya gidansu kafin ya dawo da shi. Ya ji zafin abin ƙwarai, amma bai daina ba. Ya ce ciwon da aka rufe shi ne ke ruɓewa. Bayan rasuwarsa sabon hedimasta bai ci gaba da al'adar ba, kuma babu wanda ya ce don me. Iyalinsa suka ba ni littafin na ajiye a akwatina. Yanzu idan na ji ana musu a rediyo kan ko ya dace a koya wa yara tarihin ƙabilunsu a makaranta, sai in kashe, don kowane ɓangare na ji maganarsa tun a bakin tagar aji biyar.

Sai zamani ya juya. Ɓarayin daji suka fara leƙowa ta yamma da mu, aka kora shanun mutane, aka ɗauke wasu mutanen. Tsoro ya shiga gari, kuma tsoron na gaskiya ne, ni kaina sai da na daina kwana da rago a waje. Daga sama aka aiko cewa kowane gari ya kafa kwamiti ya tantance baƙi, duk wanda ba ɗan ƙasa ba a san da zamansa. A ƙofar masallaci aka yi ta ja. Wasu suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, dole a san wanda ke shigowa. Wasu suka ce iyakar ƙasar nan ta jiya ce, zumunci ya girme ta. Ni ina cikin masu goyon bayan dokar, har aka sa ni a kwamitin a matsayin dattijo. A zatona masu zuwa jiya da shekaranjiya za a rubuta, waɗanda ba a san gidan ubansu ba.

A zama na uku sai magana ta karkata. Aka fara ambaton gidajen da muka buɗi ido muka gani, ana cewa ai su wane ma asalinsu tsallaken iyaka ne. Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce ku dakata, ina da abin da zai kashe wannan magana. Na tafi gida da sauri na ɗauko Littafin Kaka na dire shi a tsakiyar tabarma, ina ji da kaina kamar wanda ya kawo ruwa gidan gobara. Na ce ku karanta ku ga, har mai gari baƙo ne, kowa ya ji kunya ya bar maganar. Wallahi abin da na nufa ke nan. Sakataren kwamitin, yaro mai ladabi, shi ma ɗalibin Malam Sa'idu ne, ya karɓa da hannu biyu ya roƙi in bar masa na sati biyu. Na bar masa ina murna.

Ashe garin neman gira ido na tsone. Da littafin ya dawo sai na ga an bi shi shafi shafi da jan biro. Wanda tsohuwarsa ta ambaci gari a cikin Nijeriya an yi masa alamar daidai. Wanda ta ambaci gari a tsallaken iyaka an zagaye sunan gidan. Gida shida aka zagaye. Abin da jami'in gwamnati zai shekara yana tambaya bai samu ba, tsofaffinmu sun riga sun faɗa wa jikokinsu da zuciya ɗaya, ni kuma na kwasa na miƙa.

A cikin shidan akwai gidan Malam Idi Mairijiya. 'Yarsa Zulai ita ce ta rubuta nasu shafin tana 'yar shekara goma sha ɗaya, a kakar ƙarshe da Malam Sa'idu ya raba goro. Na hardace abin da ta rubuta: "Kakata Inna Gambo ta ce uban mijinta ya zo daga ƙasar Damagaram shekarar yunwa, da matarsa da jaki da igiyar haƙa. Shi ya haƙa rijiyar masallaci da ta bakin kasuwa. Ta ce da ya taɓo ruwa sai mai gari ya ce kai da tafiya har abada." A gefe Malam Sa'idu ya ba ta goma bisa goma, ya rubuta Madalla. Da'irar jan biron ta ratsa ta kan Madallar.

Zulai ta girma ta yi karatu da ƙyar da jiɓin goshi, uban yana noma yana yasar rijiyoyi. Bara ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin ungozoma. Garinmu ba mu da ungozoma ko ɗaya mai takarda, mace in haihuwa ta zo da gardama sai a ɗora ta a bayan a-kori-kura, wata ta kai, wata ba ta kai ba. Abu ɗaya ya rage wa Zulai, takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma, wadda ba a bayarwa sai da sa hannun dagaci. Dagaci ya ce hannunsa a ɗaure yake, ta je wajen kwamiti. Ina zaune a wurin ranar da ta zo. Sakatare ya zaro hoton shafin da ya ɗauka ya miƙa mata, ya ce, "Wannan rubutunki ne?" Ta duba, har ta ɗan yi murmushi da ta ga hannunta na yarinta. Ta ce, "Nawa ne." Ya ce to sai an kammala bincike.

Ba a kammala ba har yau. Na yi zarya, na roƙa, na yi faɗa har aka ce tsufa ya fara taɓa ni. Kowa na samu sai ya ce shi ba ya ƙin yarinyar, amma ga abu a rubuce, in an sa hannu gobe shi za a tuhuma. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Malam Idi ya sayar da akuya ya tafi Damagaram ko zai samo wata takarda, ya kwana huɗu yana tambayar dangin da ko sunansu bai sani ba. Can ma Bakano suka kira shi. Wa'adin rajista ya wuce, aka ba wata gurbin. Zulai tana nan, tana taya uwarta surfe. In mun haɗu a hanya takan durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni," kamar yadda ta saba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na je na ba Inna Gambo haƙuri. Ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai me ka yi? Ni ce na sayar da jikata a kan goro ɗaya." An ce mini tun daga lokacin ba ta sake sa goro a baka ba.

Akwai sauran abin da ban faɗa ba, kuma shi ne ya hana ni sakat. Shafin gidanmu ɗana ne ya rubuta shi, daga bakin mahaifiyata. Cewa kawai ta yi daga Barno muka zo, sakatare ya yi mana alamar daidai. Amma ni na san sunan garin, ta faɗa mini tun ina saurayi, kuma na san yau ba a cikin Nijeriya yake ba. Ranar da aka miƙa wa Zulai shafinta, maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na tuna jikokina da ke makaranta, na haɗiye ta. Yau ma da nake rubutawa, kun ga ban ambaci sunan garin ba.

Nakan zauna in tambayi kaina me Malam Sa'idu zai ce da yana raye. Wani lokaci in ga kamar zai hau keken nan nasa ya bi ofis ofis har sai an gaji da shi an sa hannu. Wani lokaci in ga kamar zai zauna ne ya yi kuka, don shi ya koya wa sakataren nan karatu da tsanaki, shi ya koya wa Zulai kada ta ƙara kada ta rage, kowannensu kuma ya bi abin da aka koya masa. Shi ya yi imani in mutane suka san cewa duk baƙi ne za su tausaya wa juna. Bai hango ranar da za a ce baƙuntar wani halal ce, ta wani kuma laifi ba. Abin da na tabbata shi ne zai dube ni ya ce, "Bawana, me ka yi?" kuma wannan karon ba da wasa ba.

To me ya rage nasa? Ɗalibansa suna nan birjik, suna yi masa addu'a, kuma ina fata tana isa gare shi. Rijiyar masallaci tana nan, da ruwanta muke alwala har mu 'yan kwamiti. Littafin yana ƙasan akwatina, na kasa ƙona shi, na kasa buɗe shi. Amma abin da ya shekara talatin yana shukawa, ban ga ya tsira ba. Tsofaffin garinmu sun koyi darasi, yanzu ko jika ya tambaya sai su ce ba su tuna ba.

Shekaranjiya da la'asar ina zaune a zaure jikata Hafsatu, 'yar aji biyar, ta zo ta raɓi jikina. Ta ji ana maganar saukar da za a yi, babanta kuma ya ba ta labarin goron. Ta ce ita ba ta da goro, amma ga alewa, ta tura mini a hannu. Sannan ta ce, "Kaka, mu daga ina muka zo?"

Na dubi ƙofa in ga ko akwai mai wucewa. Na mayar mata da alewarta, na ce, "Daga nan muke. Kada ki sake tambayar kowa."