Shaidata a Kan Burtalin Ɗan Barto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Rajab, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Alhaji Munkaila Sallau, wanda ya yi mana depite sau uku a majalisar dokoki ta Yamai. Ya rasu a gidansa na Matamaye bayan jinyar wata biyu.

Baba Alhaji, ba zan yi maka ƙarya don ka kwanta dama ba. A zaɓenka na farko ban jefa maka ƙuri'a ba. Lokacin da na nemi wurin koya wa matan aure Alƙur'ani, kai ka ce kowace ta yi karatu a ɗakinta. Na ji zafi, na haɗiye. Bayan shekara biyu kai ɗin dai ka sa aka share mana zaurenka, ba ka kuma taɓa cewa ka yi kuskure ba. Haka kake.

A Yamai sun laƙaba maka "Ba-haka-muka-gada-ba", don duk dokar da aka kawo sai ka tambayi abin da dattawan ƙauye suka ce. Mu kam mun ci moriyar wannan taurin kan. Shekarar da mijin ɗalibata Jamila ya tafi cirani Legas, maƙwabci ya tuge gambar iyakar gonarta. Ka baro zaman majalisa, ka tuɓe takalmi, ka bi iyakar da ƙafa tare da mai gari har aka mai da gamba mazauninta.

Shekara goma sha biyar kana tsaye kan burtalin da ya ratsa Ɗan Barto zuwa Dawce, hanyar shanu zuwa mashaya. Masu son a yanka shi filaye, a gina shaguna da tasha, sun yi lallashi sun yi barazana. Amsarka ɗaya ce: saniyar da aka toshe wa hanya gona za ta faɗa, daga nan sai jini.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ba a yi addu'ar uku ba, a kan tabarmar makokinka, ake yaɗa cewa ka sauko a maganar burtalin kafin ka cika. Ana so ɗanka Idrisa ya tabbatar da hakan gaban magajin gari ranar Litinin.

To, ina wurin. Lahadinka ta ƙarshe da hantsi na je karanta maka Yasin, maiɗakinka Hajiya Ummu Salma na zaune, masu son filayen suka shigo da takarda. Babbansu ya ce, "Alhaji, zamani ya canja, sa hannu ka huta."

Ka ce, "Sa'adu, hutun da zan yi ba a takardarka yake ba. Kawar da ita, ta tare mini iska."

An aiko mini cewa macen kirki ba ta tsoma baki a sha'anin maza, kuma in tuna zauren nan ba nawa ba ne. Gaskiya ne, ba nawa ba ne. Amma Allah ya hana ɓoye shaida, bai kuwa ware mata ba. Ban iya ɗaga murya ba. Duk da haka Litinin zan je in faɗi abin da kunnena ya ji, ko da za mu koma karatu a gindin bedi.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka. Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'ya da jikoki da talakawan ƙasarmu ta Kance, manomansu da makiyayansu. Idrisa ƙanena, Allah ya tsare harshenka ranar Litinin. Zan riga ka zuwa.

Mas'uda Yunus, Matamaye