Bawul ɗin ɗakin Baba

Yayana ne ya kawo maganar bututun iska, ta waya daga Abuja, kamar yadda yake kawo duk wata magana. Shi ya gina gidan da muke ciki a Barade, kuma ɗakin da aka ba Baba taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabci take kallo. In zafin Jalingo ya taso, ko kaza ba ka kulle a ɗakin ba. Ga ƙirjin Baba ya lalace, likita ya ce a raba shi da hayaƙi. Sai Yaya ya ce a ja bututu a cikin silin, a haɗa da fanka mai aiki da sola, a huda wa kowane ɗaki baki.

Lokacin Baba ya daɗe da makancewa. Daga Iware muka ɗauko shi bayan rasuwar Mama, mutumin da ya tsufa a gonar doya, aka zaunar da shi a kan katifa. Rediyo ba ya so, wai surutun mutanen da ba su san shi ba. Hancinsa kaɗai ya rage masa. Ina jefa daddawa a tukunya zan ji muryarsa ta biyo baranda: "Kai, kuka ne yau?" Bai taɓa ce mini ke ba, Hausarsa ta kasuwa ce. In ya canka daidai sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. In na ƙona albasa kuwa na shiga uku, ya dinga cewa na zubar wa uwata da mutunci. Da haka yake sanin gari ya waye, da haka yake sanin Lahadi ce, don ranar nake soya kifi bayan an tashi daga coci.

Da aka gama jan bututun, mai aikin ya baje wasu fararen abubuwa a kan tebur, kamar murafun kwano. Ya ce bawul ne, su ake toshe bakin silin da su, kuma iri biyu ne. Wani yana huro iskar waje cikin ɗaki, wani yana zuƙe ta ɗakin ya fitar. Ya ce na ɗakin tsoho mai hurowa zai sa, haka Oga, wato Yaya, ya ce, ya ja masa bututun da ya dace.

Na ce, "To ƙanshin girki fa?"

"Anti, ai shi ne amfaninsa. Iskar ɗakin za ta riƙa turowa waje ta ƙarƙashin ƙofa, babu abin da zai shiga daga kicin."

"In ka sa ɗayan?"

"Sai ya jawo iskar baranda ciki, da duk abin da ke cikinta. Sai dai na juya haɗin."

Na ce ya dakata, na kira Yaya. Wallahi ranar mun yi ta. Ya ce so nake in kashe tsoho saboda miya. Na ce shi da yake zuwa ranar Kirsimeti ya koma washegari, me ya sani game da yadda Baba yake wuni? Ya ce likita ya fi ni sani. Ban musa ba, gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Na ji tsoro ƙwarai, don in tarin ya ƙaru ni za a nuna da yatsa, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. Amma ni na san abin da ake nufi da a zaunar da makaho a ɗakin da babu ƙanshin komai. Baba ban tambaye shi ba, na san amsarsa: a yi abin da ɗansa ya ce.

Na sa aka ɗaura mai zuƙewa. Na fitar da murhun gawayi bayan gida, na koma gas gaba ɗaya, ko turaren wuta na daina kunnawa. Yaya ya yi watanni ba ya ɗaukar wayata, sai dai ya kira Baba kai tsaye.

Ɗakin ya yi sanyi, ƙanshi kuma ya ƙara isa gare shi fiye da dā. Har ya fara gane manjan da na saya a wurin wata ba wadda na saba ba. Damina ta yi nisa muna haka. Tarin bai ragu ba, bai kuma tsananta da sauri ba, ni dai kullum kunnena yana ƙofarsa.

Wajen lokacin cire sabuwar doya ya fara yin shiru. Na ɗauka gajiya ce. Wata Lahadi na soya kifi, na haɗa miyar karkashi da daddawa mai yawa, irin wadda maƙwabta ma suke sanin an yi. Ban ji muryarsa ba. Na rage wuta na tafi ɗakin. Yana zaune a bakin katifa, fuskarsa a wajen ƙofa, ƙanshin ya cika ɗakin har ni yana shiga mini ido.

Ya ce, "Kai, yau ba a ɗora tukunya ba ne? Rana ya yi nisa fa."

Na tsaya riƙe da ƙofa. 

Na ce, "Ban ɗora ba tukuna, Baba. Gas ne ya ƙare."

Ya ce ba komai, zai jira, in na ɗora ai zai ji.